Yadda Ake Tsara Jadawali da Zane a Maƙalar Ilimi

Mai karanta maƙalar ilimi ba kasafai yake bin ta daga farko har ƙarshe ba. Zai leƙa take, ya karanta tsakure, sai ya tsallake zuwa jadawali da zane don ya ga abin da aka samo. Editan mujalla haka yake yi, mai bita haka yake yi, malamin da ke duba kundin digiri ma haka. Idan ya ci karo da jadawalin da sai ya koma shafi uku baya kafin ya gane alƙaluman da ke ciki, to tun a nan ya fara ɗaure wa aikin fuska. Saboda haka ma'auni ɗaya za ka riƙe a duk matakan da ke tafe: jadawali ko zane ya tsaya da ƙafarsa. Idan aka cire shi daga maƙalar aka miƙa wa wanda ya san fannin, ya gane me aka auna, a kan su wa, da wane ma'auni, kuma me aka samu. Zane a nan ya haɗa duk abin da ba jadawali ba: zanen alƙaluma, taswira, hoto, da zanen matakan aiki.

Mataki na farko: nemo dokar inda za ka kai aikin

Kafin ka ja layi ko ɗaya, nemo ƙa'idojin marubuta na mujallar da za ka tura wa, ko kundin tsarin rubutu na makarantarka. Abin da suka ce shi ne gaba da kowace shawara, har da tawa, domin salo ya sha bamban. A salon APA na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, bugu na 7 da ya fito a 2019, lambar jadawali tana sama da rubutu mai gwaɓi, take yana biye da ita a ƙasa cikin rubutun tsutsa, kuma zane ma haka ake yi masa, lamba da take duk a samansa. Wanda ya saba da bugu na 6 sai ya kula, don a can taken zane a ƙasa yake, kuma har yanzu akwai masu cakuɗa tsarin biyu a maƙala ɗaya. A salon IEEE na injiniyoyi da masana kwamfuta, taken jadawali a sama yake da lambar Romawa, I, II, III, na zane kuma a ƙasa da 1, 2, 3. A salon MLA na fannin harshe da adabi ma, taken jadawali a sama, na zane a ƙasa.

Ka sauke maƙala biyu ko uku na baya-bayan nan daga mujallar ka ajiye su a gefe. Daga ƙa'idojin ka fitar da abubuwan nan a takarda: jadawali da zane nawa aka yarda a saka, faɗin da ake buga su, irin fayil ɗin da ake karɓa, da kuma inda ake son su, a cikin rubutun ne, ko a ƙarshen maƙala, ko kowanne a fayil ɗinsa daban. Wasu mujallun suna cajin kuɗi idan za a buga zane mai launi a takarda, wannan ma gara ka sani tun da wuri.

Mataki na biyu: jimla, jadawali ko zane?

Alƙaluma uku ko huɗu ba sa buƙatar jadawali, jimla ɗaya ta ishe su. Jadawalin da ke nuna cewa mahalarta bincike maza kaza ne mata kaza, shi ke nan, ɓarnar wuri ne kawai. Jadawali na lokacin da mai karatu yake buƙatar ainihin lambobin ne, ko don ya kwatanta su dalla-dalla ko don ya sake lissafi da su. Zane kuwa na lokacin da fasalin abin ya fi lambar muhimmanci ne: hawa da sauka, tazara tsakanin rukuni, alaƙar abu biyu, yadda bayanai suka bazu.

A 1973 masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya haɗa rukunin bayanai huɗu, kowanne da ɗigo 11. Matsakaicin x a dukkansu 9 ne, na y kusan 7.5, ƙarfin alaƙa kusan 0.82, layin da ya fi dacewa da su ma iri ɗaya. A jadawalin taƙaitawa ba ka iya raba su. Da aka zana su sai ga na farko ɗigo ne a warwatse gefen miƙaƙƙen layi, na biyu lanƙwasa ce, na uku layi ne tsaf da ɗigo ɗaya da ya fanɗare, na huɗu kuma ɗigo goma sun jeru a tsaye wuri ɗaya, guda ɗaya can nesa shi kaɗai ya haifar da alaƙar. Don haka ko da jadawali za ka saka a ƙarshe, ka fara zana bayananka ka gani da idonka.

Abu ɗaya kada a faɗe shi sau uku. Idan yana jadawali, kada ka sake zana shi, kada kuma ka karanto kowace lamba a cikin rubutu. Aikin rubutu shi ne ya nuna wa mai karatu inda zai duba da abin da zai lura da shi.

Mataki na uku: gina jadawalin

Fara da tambayar abin da kake son a kwatanta. Ido ya fi saurin kwatanta lambobin da ke jere daga sama zuwa ƙasa, don haka lambobi masu jinsi ɗaya su sauka a ginshiƙi ɗaya. A ce ka gwada hanyoyin koyarwa uku a kan ɗalibai. Ginshiƙin farko na hagu ya ɗauki sunayen hanyoyin, kowace da sahunta. Na biyu yawan ɗalibai, na uku matsakaicin maki, na huɗu SD, wato ma'aunin yadda makin ya bazu daga matsakaici. Mai karatu zai sauke ido a ginshiƙi na uku, nan take ya ga wadda ta fi.

Jerin sahu ma ba a barin sa yadda manhaja ta fitar. Ka jera daga babba zuwa ƙarami, ko bisa lokaci, ko rukunin da ba a yi wa komai ba a farko sannan sauran. Jerin abacada yana da amfani ne kawai idan jadawalin dogo ne kuma mutum zai nemi suna ɗaya a ciki, kamar jerin ƙasashe. Duk jerin da ka zaɓa, ka riƙe shi a sauran jadawalai da zane har ƙarshen maƙala.

Kowane ginshiƙi ya sami kan magana, har da na farkon da ake yawan bari fayau. Ma'auni, ko kg ne ko cm ko %, a kan maganar ake rubuta shi sau ɗaya, ba a maimaita shi a kowane gurbi. Idan ginshiƙai biyu ko uku suna ƙarƙashin abu ɗaya, misali maki kafin gwaji da bayan gwaji, sai ka ɗora musu babban kan magana da gajeren layi a ƙarƙashinsa wanda ya rufe su kaɗai.

Batun layuka kuwa, uku sun isa: ɗaya a sama, ɗaya ƙarƙashin kan magana, ɗaya a ƙasan jadawalin. Layin tsaye babu shi a APA, kuma yawancin mujallun kimiyya ba sa son sa. Mutane da yawa suna ganin jadawalin da ba a yi wa kowane gurbi akwati ba kamar bai kammalu ba. Ni a ganina akwatunan nan suna jan ido ne su bar lambobin a baya. Sarari tsakanin ginshiƙai yana raba su ba tare da hayaniya ba. Launin bango da inuwa ma a bar su.

A gina jadawalin da ainihin kayan jadawali na manhajar rubutu. Wanda aka jera da maɓallin tazara yana wargajewa da zarar an canja girman haruffa. Hoton allo da aka ɗauko daga manhajar ƙididdiga ta SPSS ko daga Excel aka liƙa kuwa ya fi kowanne muni: ba a iya gyara shi, ba a iya kwafar lambobinsa, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu ba ta ganin sa, kuma masu tsara shafin mujalla za su dawo maka da shi. Abin da SPSS ya fitar ɗanyen kaya ne na mai bincike, sai an tace, an zubar da ginshiƙan da ba su da aiki, an sake sunayen da aka gutsure irin su "Q7_b" zuwa kalmomin da mutum zai gane.

Kada ka bar gurbi babu komai ba tare da bayani ba. Sifili daban, ba a auna ba daban, bai shafi wannan sahun ba daban. Ka sa karan ɗori a gurbin, ka faɗi ma'anarsa a bayanin ƙasa.

Idan jadawali ya zarce shafi ɗaya, a Word ka zaɓi sahun kan magana ka kunna Repeat Header Rows don ya riƙa fitowa a saman kowane shafi, sannan ka cire alamar da ke barin sahu ɗaya ya rabu tsakanin shafi biyu. Idan faɗi ya yi yawa, gwada juya shi, sahu ya koma ginshiƙi. In bai yiwu ba, raba shi biyu, ko ka kwantar da wannan shafin kaɗai ta hanyar sa Section Break kafinsa da bayansa. Ƙanƙanta haruffa har sai mutum ya matse ido ba mafita ba ce. Jadawalin da ya kai shafi uku kuwa wurinsa rataye.

Mataki na huɗu: lambobin kansu

A nan ne ake gane wanda ya san bayanansa. Kwamfuta za ta ba ka matsakaici 63.478261, amma idan makin da ka tara cikakkun lambobi ne, 63.5 ya isa. Yawan lambobi bayan ɗigo yana riya daidaiton da ma'auninka bai kai ba. Kowane ginshiƙi ya riƙe adadi ɗaya: idan 63.5 ne a sama, na ƙasa ya zama 58.0, ba 58 ba. A jera lambobi bisa ɗigo, ta yadda 7.2 da 104.6 za su daidaita ɗigo a kan ɗigo, mai karatu ya ga babba da ƙarami tun kafin ya karanta. Kalmomi kuma a jingina su hagu.

Kaso cikin ɗari ba ya tafiya shi kaɗai. Kashi 50 na mutum 4 da kashi 50 na mutum 400 ba magana ɗaya ba ce, don haka ka rubuta adadin tare da kason. Idan mutanen ba su kai ɗari ba, rubuta 41.67% wasa ne, 42% ya wadatar. In jimillar kaso ta ba da 99.9 ko 100.1 saboda taƙaita lambobi, kada ka taɓa wata lamba don ta cika ɗari, ka faɗi dalili a bayanin ƙasa.

Ƙimar p, wato yiwuwar samun irin wannan sakamako idan a zahiri babu wani bambanci, ba ta zama .000, ko da manhaja ta nuna haka. Abin da take nufi shi ne lambar ta yi ƙanƙanta, sai a rubuta p < .001. A APA, lambar da ba za ta iya wuce 1 ba, kamar p da ƙarfin alaƙa, ba a sa mata sifili kafin ɗigo: .04, ba 0.04 ba. Mujallu da yawa kuma suna son sifilin, shi ya sa mataki na farko yake farko. Haka ɗigo da waƙafi: mujallun Ingilishi 3.5 suke rubutawa, na Faransanci da Jamusanci 3,5, kada ka haɗa biyun.

Sai alamar ±. Idan ka rubuta 12.4 ± 2.0, mai karatu bai san ko 2.0 ɗin SD ce ko SE ba, alhali tazararsu babba ce. SE ana samun ta ne idan aka raba SD da tushen murabba'in yawan samfur: mutum 25 masu SD 10, SE ɗinsu 2 ce. SD tana nuna yadda bayanai suka bazu, SE tana nuna yadda aka dace da kimanta matsakaicin. Ka faɗi wadda ka yi amfani da ita, a kan magana ko a bayanin ƙasa.

A yi hattara da Excel, yana da karambanin gyara abin da ba a sa shi ba. Yakan cinye sifilin farkon lamba, yakan mayar da 1-2 kwanan wata. Wani bincike da aka buga a mujallar Genome Biology a 2016 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka haɗo jerin ƙwayoyin gado a fayil ɗin Excel suna da irin wannan kuskure, inda suna kamar SEPT2 ya koma 2 ga Satumba. Abin ya kai a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya canja wasu sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1. Maganin shi ne ka mayar da ginshiƙin na rubutu zalla kafin ka zuba bayanai a ciki.

Mataki na biyar: take da bayanin ƙasa

"Sakamakon Bincike" ba take ba ne, kowane jadawali sakamako ne. Take ya faɗi abin da aka auna da waɗanda aka auna, in da hali da lokaci: "Matsakaicin Makin Lissafi na Ɗalibai Bisa Hanyar Koyarwa, Kafin Gwaji da Bayansa". Wasu mujallun kimiyyar halittu sun fi son taken zane ya faɗi abin da aka gano kai tsaye a jimla ɗaya. Ka duba maƙalun da ka ajiye a gefe ka bi sahunsu.

Bayanin ƙasa a APA hawa uku ne kuma a jere suke. Na farko na gaba ɗaya: fassarar gajerun sunaye, ma'anar alamomi, da madogara idan bayanan na wani ne. Na biyu na gurbi ko ginshiƙi ɗaya, ana nuna shi da ƙaramin harafi a sama, a, b, c. Haruffa ake so, don lamba a saman lamba tana iya zama kamar lissafi, 12 da ɗan 2 a kanta sai a karanta 144. Na uku bayanin taurarin (*) da ake sa wa lambobi don nuna ƙimar p. Kowane gajeren suna a sake fassara shi a ƙarƙashin kowane jadawali, ko da an fassara a shafi na biyu, domin wanda ya tsallako kai tsaye bai bi ta shafi na biyu ba.

Mataki na shida: zanen alƙaluma

Irin bayanan ne ke zaɓar irin zanen. Canji bisa lokaci, zanen layi. Ƙidaya ko kaso na rukuni daban-daban, zanen sanduna. Alaƙar ma'auni biyu, zanen ɗigo-ɗigo. Yadda ma'auni ya bazu a cikin rukuni, zanen akwati ko ɗigon kowane samfur. Kada ka haɗa rukunin da ba su da jeri da layi, misali fannonin karatu huɗu, domin layi yana cewa akwai tafiya daga wannan zuwa wancan.

Zanen da'ira da ake yankawa kashi-kashi ba na ba da shawararsa sai in kason bai wuce uku ba. William Cleveland da Robert McGill sun nuna a 1984 cewa mutane sun fi kimanta matsayi a kan ma'auni ɗaya daidai fiye da kusurwa ko faɗin fili. Sanduna a jere suna amfani da abin da ido ya fi iyawa, da'ira kuma da abin da ya fi rauni a kai. Zane mai tudu irin na 3D ya ƙara dagula lamarin, don sandar gaba takan rufe ta baya, kuma ba a gane inda kanta ya tsaya.

Sanduna ma suna da nasu aibin idan aka yi amfani da su wajen nuna matsakaici. Samfur shida da suka taru wuri ɗaya, da samfur shida da biyar suke ƙasa ɗaya ya yi sama can, duk za su iya ba da sanda mai tsawo ɗaya. Idan samfurinka kaɗan ne, nuna kowane ɗigo, ka ja ɗan layi a matsakaicin.

Layin kwance da layin tsaye na ma'aunin zane kowanne ya sami suna da ma'auni. A zanen sanduna, layin tsaye dole ya fara daga sifili, saboda tsawon sandar shi ne saƙon: idan ka fara daga 90, to 92 da 96 za su fito kamar ɗaya ya ninka ɗaya sau uku. Zanen layi da na ɗigo ba dole su fara daga sifili ba. Idan zane yana da ɓangarori, A, B, C, kuma ana son a kwatanta su, ma'auninsu ya zama ɗaya. 'Yan sandunan kuskure da ke kan ɗigo kuwa, a faɗi ko SD ce, ko SE, ko tazarar amincewa ta 95%, a kuma faɗi yawan samfur. Taken da Excel ke ɗorawa a cikin zanen a goge shi, take yana waje tare da lamba.

Game da launi, kusan namiji ɗaya cikin 12 a wasu al'ummomi, musamman masu asali daga arewacin Turai, ba ya bambance wasu launuka, galibi ja da kore. Haɗa ja da kore a zane ɗaya rufe wa waɗannan ƙofa ne, kuma mai bitar aikinka yana iya kasancewa cikinsu. Shuɗi da ruwan lemo sun fi aminci. Akwai jerin launuka da aka tsara don wannan, kamar na Okabe da Ito, da viridis da ake samu a manhajojin R da Python. Kada launi ya zama shi kaɗai ne mai rarrabewa: wannan layi ya zama miƙaƙƙe, wancan tsinke-tsinke, wannan ɗigo da'ira, wancan alwatika. Idan layukan ba su da yawa, rubuta sunan kowanne a gefensa ya fi akwatin fassara da zai sa ido ya riƙa kai da komo. Rukunin da ka ba shuɗi a zane na 1, shuɗi zai ci gaba da zama har zane na ƙarshe.

Mataki na bakwai: girma da kaifi

Tun ran gini ran zane. Ka ƙirƙiri zanen a girman da za a buga shi, kada ka yi shi cike da allo sannan a matse. Mujallar Nature tana buga zane a faɗin 89 mm ko 183 mm. Elsevier tana da 90 mm, 140 mm da 190 mm. IEEE kuma inci 3.5 ga rabin shafi. Zanen da ka yi a faɗin 180 mm da haruffa masu girman 10, idan aka matse shi zuwa 90 mm haruffan sun koma 5. APA ta ce haruffan cikin zane su kasance tsakanin 8 da 14, kuma marasa ƙawa irin su Arial ko Calibri.

Fayil iri biyu ne. Akwai wanda ke ajiye zane a matsayin layuka da siffofi, kamar PDF, EPS da SVG, wanda duk yadda aka buɗa shi ba ya dushewa. Shi ya dace da zanen alƙaluma da zanen matakai. Akwai kuma na ɗigon fiksel, kamar TIFF, PNG da JPEG, wanda ya dace da hoton kyamara ko na madubin ƙara girma. Ga hoto, 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, shi ne mafi ƙarancin da aka saba nema. Ga zanen layi baƙi da fari da aka ajiye a fiksel, IEEE tana neman 600, Elsevier 1000. Lissafin mai sauƙi ne: faɗin inci 3.5 sau 300 ya ba da fiksel 1050. Idan hotonka fiksel 600 ne a faɗi, canja lambar dpi a manhaja ba zai ƙirƙiro abin da kyamara ba ta ɗauka ba, sai dai a sake ɗauka ko a sake fitarwa daga tushe. JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake ajiye shi, kuma yana sa hazo a gefen haruffa, don haka a nisanta shi da zanen alƙaluma. Word ma yana matse hotuna da kansa. Ka shiga Options, sannan Advanced, ka kunna umarnin hana matse hoto kafin ka saka su. In za ka rage girman hoto, ja shi ta kusurwa, kada taswira ta fito a miƙe ko fuska a baje.

Taswira tana buƙatar ma'aunin nisa da alamar arewa. Hoton madubin ƙara girma yana buƙatar ɗan layin ma'auni a cikinsa, domin rubuta "an ƙara girma sau 400" yana daina zama gaskiya da zarar an canja girman hoton a bugu.

Amana a hoto, da kayan wasu

Ƙara haske ko duhu ya halatta idan an yi wa hoton gaba ɗaya kuma bai ɓoye komai ba. Goge wani tabo, ƙara wa wani sashe kaɗai haske, ko haɗa hotuna biyu kamar ɗaya ba tare da layin da ke nuna mahaɗar ba, wannan ya fita daga gyara ya shiga maguɗi, ko da niyyar kwalliya ce. Garin neman gira a rasa ido. A 2016 Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba maƙalu sama da 20,000, suka tarar kusan kashi 4 cikin ɗari suna da hotunan da aka maimaita ta hanyar da ba ta dace ba. Mujallu da dama yanzu suna tantance hotuna, wasu har suna neman na asali. Ka ajiye ɗanyen fayil ɗin kowane hoto a inda ba za a taɓa shi ba, ka yi aiki a kan kwafi.

Jadawali ko zanen da ka ɗauko daga aikin wani, ambaton madogara wajibi ne, amma sau da yawa bai isa ba. Idan za a buga, sai an nemi izini daga mai haƙƙin mallaka, wanda galibi kamfanin bugawa ne, ba marubucin ba. Wannan ya shafi har tsohon zanenka idan ka riga ka miƙa haƙƙinsa ga wata mujalla. Abin da aka saki da lasisin CC BY ba ya buƙatar izini, ambato da nuna lasisin da faɗin ko ka canja wani abu sun wadatar. Hoton da za a iya gane mutum a ciki, musamman majiyyaci, sai da rubutacciyar amincewarsa, kuma baƙin layi a kan ido ba ya maye gurbin wannan.

Mataki na takwas: lamba da ambato a cikin rubutu

Jadawali da zane kowanne da jerin lambarsa, kuma ana ba su lamba ne bisa wanda aka fara ambata. A kundin digiri akan haɗa da lambar babi, 4.1, 4.2. Kowanne dole a ambace shi a rubutu kafin ya bayyana, kuma da lambarsa. "Jadawalin da ke ƙasa" ba ya aiki, domin mai tsara shafi yana iya kai shi sama ko shafi na gaba. Ambaton ma ya ɗauki nauyi: maimakon "Jadawali na 2 yana nuna sakamakon", ka ce hanya ta uku ta fi sauran maki amma ita ce makinta ya fi bazuwa, sannan ka nuna Jadawali na 2.

Kada ka buga lambobin da hannu. A Word, ƙarƙashin References akwai Insert Caption. Ka danna New Label ka ƙirƙiri "Jadawali" ko "Zane" idan da Hausa kake rubutu. Wajen ambato ka yi amfani da Cross-reference. Ranar da mai bita ya ce a ƙara jadawali tsakanin na 2 da na 3, sai ka danna Ctrl+A sannan F9, lambobi su gyara kansu, jerin jadawalai na farkon kundi ma da Insert Table of Figures ake fitar da shi. Taken da ke saman jadawali ka sa masa Keep with next don kada ya kwana a ƙasan shafi jadawalin yana shafi na gaba. A manhajar tsara rubutu ta LaTeX, kunshin booktabs yana ba da layukan nan uku da \toprule, \midrule da \bottomrule, siunitx kuma yana jera lambobi bisa ɗigo. Ka tuna \label bayan \caption yake zuwa, in ka sa shi kafin, ambaton zai nuna lambar da ba ita ba. Idan mujalla tana karɓar taƙaitaccen bayanin hoto don masu larurar gani, ka rubuta jimla ɗaya ko biyu da ke faɗin abin da zanen ya nuna.

Kafin ka tura

Mayar da maƙalar PDF ka buga shafukan jadawali da zane a takarda, baƙi da fari, a ainihin girmansu. Layukan da suka rikiɗe suka zama iri ɗaya da haruffan da ba sa karantuwa za su tona kansu. Sannan ka ɗauki biro ka bi kowace lamba da ke cikin tsakure da rubutu, ka nemo ta a jadawali. Yawanci saɓani yana shigowa ne bayan an sake lissafi an gyara jadawali an manta da rubutu. Tara ginshiƙan da ke da jimilla da kanka, ka tabbata yawan mahalarta da ke sashen hanyoyin bincike shi ne a jadawali, in kuma ya ragu a faɗi dalili. Daga nan ka ware shafukan jadawali da zane kaɗai ka ba wani abokin karatu da bai ga maƙalar ba, ka ce ya faɗa maka abin da kowanne ke cewa. Duk tambayar da ya yi maka, amsarta ta shiga take, ko kan magana, ko bayanin ƙasa.